Jirgin da Muntari Ya Shayar

Mutum nawa kake jin za su iya ɗaga jirgin ruwa na faiba mai tsawon mita shida, ba inji ba kujeru? Ni na sani, don da ni aka ɗaga. Ranar da muka ɗauko shi daga Bahri mu takwas ne, har ɗayanmu yana amsa waya da hannu guda. Bayan wata biyu, jirgin nan dai, sai da muka taru mu goma sha bakwai kafin ya rabu da ƙasa. Abin da ya ƙara masa nauyin nan aikin Muntari ne, mijin yayata Zuhura, kuma ba zan ɓoye ba, da hannuna a ciki.

Muntari shekararsa hamsin da biyu a lokacin. Kakansa ya taso daga wajen Haɗeja a ƙafa, ya yi hajjinsa, a hanyar komawa ya tsaya bakin Nilu a Omdurman ya ce bari ya ɗan huta. Jikokinsa suna nan har yau. Uban Muntari shi ya koyi sassaƙar jirgi da itacen gabaruwa, shi kuma Muntari a cikin jirgin ya tashi, tun yana kwashe ruwa da gwangwani har ya zama rayyis, wato mai riƙe jirgi. Yana tsallakar da manoma da masu yin bulo zuwa tsibirin Tuti da safe, ya dawo da alayyafo da lemon tsami. Mutum ne da ba ya zama. Shayi ma a tsaye yake sha, kuma na taɓa ƙirgawa, a walimar auren 'yarsa Safa sau goma sha ɗaya ya tashi daga kan kujera kafin a kawo abinci.

Mashigin da yake aiki yana ƙasan unguwar Abu Rof. Matakala goma sha biyu ce ta dutse take sauka zuwa ruwa, sai turaku goma sha tara a jere, kowane turke da mai jirginsa. Na Muntari shi ne na huɗu daga matakala, cikin wuraren da fasinja ke fara isa, kuma ubansa ne ya kafa shi. Ambaliyar 2020 ta ɗauki jirgin katakonsa ta maka da ginin bakin ruwa, ya tashi falanki falanki. Mutanen mashigin suna da wata yarjejeniya tsakaninsu: turke yana jiran mai shi har cikar kogi ta gaba. In ruwa ya rufe matakala ta bakwai, mutum bai kawo jirgin da ya tsallaka da mutum goma ya dawo da su ƙafarsu a bushe ba, turken ya zama na wanda ke biye a layi. Wanda ke biye kuwa Labaran ne, mai jirgin ƙarfe, shekara shida yana ɗaukar fasinja daga cikin taɓo can gefe yana jira. Baba Salih, dattijon mashigin, shi ne mai duba matakala, kuma ba ya kara ko ga ɗan cikinsa.

Sabon jirgin katako ba zai sassaƙu cikin lokacin ba. Ni na ga na faiban. Sana'ata sayar da kayan famfon ban ruwa, kullum ina yawo tsakanin Alsahafa da Bahri, sai wata rana a watan Maris na kai kaya wani tsohon gida na hango shi a bayan gidan, tantabaru sun mai da shi ɗaki. Mai gidan tsohuwa ce, ta ce na marigayi mijinta ne, da shi yake yawon shan iska a kogi ran Juma'a, shekara goma sha huɗu ke nan yana kwance a rana. Ta ce mu ɗauke shi ya tare mata wuri. Kafin in gama faɗa wa Muntari a waya ya riga ya hau raksha, babur mai ƙafa uku.

Muka kawo shi bakin mashigi muka ɗora a kan tayoyi. Kashin tantabara buhu biyar muka kwashe. Muka cire ruɓaɓɓun kujeru, da tsohon sitiyari da wayoyin da ɓera ya ci, sukuru arba'in da uku na zare da hannuna na zuba a gwangwani. Azumi ya same mu muna goga da samfefa. Muntari ya ba da komarsa da ƙaramin injinsa na da, ya karɓo inji mai doki arba'in na hannu. A cikin kwana ashirin da uku na azumi muka saka shi a ruwa don gwaji, muka ɗan zaga bakin gaɓa. Minti goma ba a yi ba ruwa ya fara tsattsafowa ƙarƙashin ƙafarmu.

Ni hankalina ya tashi, shi ko a jikinsa. Ya ce ai dole, jirgin da ya shekara goma sha huɗu a rana ƙishirwa ce ke damunsa. Duk wanda ya tashi da jirgin katako ya san maganin: a nutsar da shi a bakin gaɓa a danne da duwatsu, katako ya sha ya kumbura, tsaguwa ta haɗe bakinta. Haka ubansa yake yi wa kowane sabon jirgi, haka ake yi wa wanda ya daɗe a tudu. Masu jirgi bakwai ne a wurin, babu wanda ya musa, har suna gardamar ko mako ɗaya zai isa ko sai biyu. Baba Salih ya ce wannan ƙishirwar ta kai kwana tara. Labaran ma ya taya mu, da zuciya ɗaya, don shi ma kafin ƙarfe katako ya sani.

Muka cire inji, muka zare toshiyar baya, muka loda duwatsu. Talatin da ɗaya. Ni na ƙirga, ni na ɗauko goma sha biyu daga ciki, ina jin daɗi muna aiki da ilimin kakanni.

Muka yi Sallah yana ƙasan ruwa. Ranar da muka ciro shi muka kwashe ruwan ciki tas, sai ya ƙi ɗaguwa. Muka kira masu bulo, muka kira mai amalanken jaki, har sai da muka kai sha bakwai. Muntari ya ce alama ce mai kyau, ya sha ya ƙoshi. Aka ɗaura inji aka mai da shi ruwa. Injin ya yi ta kuka, jirgin ya dasa gindi ya ƙi ɗaga hanci, yana tafiya kamar saniyar da ta gaji. Ruwan da ke shigowa kuwa ya fi na da. Da Muntari ya ƙara wuta sai na ga bangon baya, inda injin ke rataye, yana lanƙwasa yana dawowa. Na ce masa ya kashe.

Washegari na je Bahri na ɗauko Hazim, mai gyaran tankunan ruwa na faiba, wanda muke hulɗa da shi. Shi ma jikan Hausawa ne, amma Hausarsa ta gaisuwa ce da zagi, saura Larabci. Ya zaga jirgin yana ƙwanƙwasawa da gindin cokali, ko'ina ƙarar a dushe. Ya ɗauko abin huda ya huda ƙasan bangon baya, baƙin ruwa ya biyo mai wari. Ya tambayi me ya sami jirgin. Da Muntari ya yi masa bayani, sai da Hazim ya zauna a kan taya.

“Ammu,” in ji shi, wato baffa, “kwana tara?”

“Tara cif.”

“To tankin gidanka ma kana kai shi bahar ya sha?”

Bahar kogi yake nufi. Sai ya nuna mana abin da ba mu sani ba. Jirgin bene biyu ne: ƙasan da ke taɓa ruwa, da daɓen da muke takawa, tsakaninsu an cika da soso mai tauri don kada ya nutse. Bangon baya kuma katako ne mai falle-falle aka lulluɓe da faiba. Faiba ba ta sha ba ta kumbura. Abin da ya sha shi ne soson da katakon, ta ramukan sukuru arba'in da ukun da na bari a buɗe, kuma abin da ya shiga ba ya da hanyar fita. Hazim ya ce sai an yanke daɓen duka, a ƙwaƙule soson, a cire katakon baya, a bar ɓawon ya bushe ƙayau kafin a ɗora masa ko falle ɗaya. Muntari ya tambayi kwana nawa. Ya ce jirgin ne zai faɗa, ba shi ba.

A ranar ruwa yana ƙasan matakala ta ɗaya.

Kwana shida muka yi muna yanka da ƙwaƙula. Wuta tana zuwa awa uku ta ɗauke awa bakwai, injin yanka ya tsaya, mu koma kurfi da guduma. Ƙurar faiba ta shiga fata, Muntari ya yi ta susa har Zuhura ta ware masa gadonsa a tsakar gida. Soso buhu ashirin da shida muka fitar, kowane buhu yana ɗiga. Katakon baya da hannu muka yaye shi, ya yi laushi kamar kisra, siririyar gurasar nan ta Sudan, da ta kwana a miya.

Sai jira. Nan ne na tausaya wa Muntari, don jira ba ya cikin abin da Allah ya hore masa. Hazim ya koya mana gwaji: a manna farar leda a jikin ɓawon da rana, a duba da safe, in ta yi gumi a ciki to da saura. Leda takwas na manna a wurare takwas. Kullum bayan asuba Muntari yana can yana leƙa su, daga nan ya sauka matakala ya duba ruwa, ya hau, ya sake leƙa ledar ko ta sake shawara. Yana tuƙa jirgin wani da safe don cefane, amma da ya sauke fasinja zai dawo ya juya ɓawon ya fuskanci rana. Wata rana na ƙirga sahunsa tsakanin jirgi da matakala, goma sha tara kafin azahar. Ya kawo fankar ɗakinsu ya kunna masa, Zuhura ta aiko a dawo mata da abinta. Ya so ya hura garwashi a ƙarƙashi, Hazim ya rantse in ya yi haka ba zai ƙara tako Omdurman ba.

Labaran yakan biyo da yamma da jabana a hannu ya zuba masa kofi. Ba ya maganar turke. Sai dai ya tambaya ko mara lafiya ya ɗan ji sauƙi, ko a kawo masa ruwa. Muntari ya ce masa ya je ya kankare tsatsar tukunyarsa. Suna dariya, amma na ga Labaran ya sayi sabuwar igiya, ya kuma auna tsawonta da ido daga turke na huɗu.

Ranar ashirin da uku da fara jira ledoji bakwai suka wayi gari a bushe, ta bangon baya ta ƙi. Ranar ashirin da tara ta bushe. A lokacin kogin ya fara sauya launi, jan ruwan Habasha ya iso, matakala biyu sun tafi.

Daga nan gudu muka yi. Zafin Yuni ba ya barin ruwan faiba ya jira, da an ɗiga masa maganin daskarewa minti goma sha biyu ne ya zama dutse a cikin roba. Roba uku muka yi asara kafin mu gane sai dai mu fara da an sallame asuba mu tsaya kafin tara. Ni ke ƙirga ɗigo, Hazim yana shimfiɗa ƙyallen gilashi, Muntari yana bi da buroshi yana korar kumfa, yana faɗa da kowa. Sabon katakon baya falle biyu aka haɗa, aka rufe shi da ƙyalle shida. Ramukan sukuru na bi ɗaya bayan ɗaya na cike. A madadin soson da muka fitar, Hazim ya ce a jera jarkoki da babu komai a ciki, a toshe bakinsu da gam, sha huɗu suka shiga ƙarƙashin sabon daɓe. Ko ruwa ya shiga, jarka ba ta sha.

Gyaran zamani kuma nawa ne, ni na matsa. Sitiyari mai waya maimakon a riƙe wutsiyar inji. Rumfa, a samanta farantin sola guda, da batir a cikin akwati. Ƙaramin famfo mai tsotse ruwa da kansa. Fitila biyu, da wurin cajin waya huɗu a gefen benci, da rigar ruwa goma sha biyu. Muntari ya ce ubansa ya shekara arba'in a kogi ba wanda ya nemi caji, na ce ubansa bai yi zamani da matan Tuti masu sayar da alayyafo ta waya ba. Ya ce ƙanin mata dai ba ya rasa bakin magana. Amma shi ya zaɓi launi, shuɗi da fari, ya hana kowa taɓa buroshin.

Kwana huɗu kafin Layya fenti ya bushe. Ruwa ya rufe matakala ta biyar yana lasar ta shida, kuma a kwanakin nan yakan ci matakala guda a kwana biyu, wani lokaci a ɗaya. Na ce gobe a kira Baba Salih a tara mutum goma. Sai Muntari ya ce a'a.

Ya ce a gidansu ba a taɓa ɗora mutum a jirgin da bai sha ruwa ba. Ya yarda ya yi kuskure, ya yarda faiba ba katako ba ce, amma ta ina zai san ba ya yoyo? In ya saka shi a kogi, idon mashigi duka yana kansa, kuma gwajin da ake ƙirgawa ɗaya ne. In ruwa ya taɓa ƙafar mutum guda, shi ke nan. Hazim ya ce shi ya san aikinsa. Muntari ya ce shi ma da ya san nasa. Yini guda muka kashe a kan wannan, yana zaga jirgin yana shafa shi, yana sauka matakala yana hawa.

Da la'asar Zuhura ta zo da abinci, don ta gaji da aikowa ana mayar mata da kwano a rufe. Ta saurari gardamar tana zuba miya, sannan ta ce:

“Baban Safa, ni in na sayi baho a kasuwar Omdurman, kogi nake jefa shi?”

Ta miƙa masa kwano ta ci gaba:

“Ruwa nake zubawa a ciki in ɗaga in duba gindinsa. Ku maza goma kun tsaya kuna kallon abu ɗaya.”

Mu huɗu ne a wurin, amma ban gyara mata ba. Hazim ya ce haka ma yake gwada tanki, bai dai taɓa kawo wa jirgi wannan tunanin ba. Sharaɗinsa kada ruwan ya wuce taƙi ɗaya, kuma a ƙara tayoyi a ƙarƙashi don nauyi. Da safe muka ɗaga jirgin a kan ganguna huɗu da tayoyi shida, muka share ƙasa muka shimfiɗa buhunan siminti da babu komai, don ko ɗigo ɗaya ya faɗi a gani. Muka cire batir muka kashe famfo. Bokiti sittin da biyu muka ɗebo daga kogi muka zuba. Muntari ya kwanta rigingine a ƙarƙashi.

Minti arba'in ya yi a kwance bai motsa ba. Tun da na san shi ban taɓa ganin haka ba. Sai muka ji muryarsa daga ƙasa, a hankali:

“Jafaru, zo ka ƙirga wannan.”

Na rarrafa na shiga. A gefen toshiyar baya ne, wani ɗan rami da fenti ya rufe, ɗigo ɗaya duk bayan daƙiƙa ashirin. Ramin sukuru ne na arba'in da huɗu, wanda tun asali babu sukuru a cikinsa, shi ya sa bai shiga gwangwanina ba. Da nauyin mutum goma da bugun ruwa, da ya buɗe baki. Muka zubar da ruwan, Hazim ya goge wurin ya busar, ya ɗora ƙyalle uku. Da yamma muka sake zuba bokiti sittin da biyu. Buhunan siminti suka tashi a bushe.

Washegari ruwa ya rufe ta shida, saura yatsa huɗu ya hau ta bakwai. Baba Salih ya zo da farar jallabiyarsa ta Juma'a, ya ƙirga mutum tara ya shiga na goma. Labaran yana ciki, shi ya nemi a sa shi. Baba Salih ya ƙi zama a benci. Ya tattara jallabiya ya zauna daɓas a kan daɓen jirgin, can baya inda ruwa ke taruwa, ya ce a tafi.

Muntari ya ba shi wuta. Jirgin ya ɗaga hanci ya hau kan ruwa, masu bulo biyu suka riƙe hulunansu. Kogin a cike yake yana tafe da itatuwa, Muntari yana kauce musu da sitiyarin da ya ce ba ya so. Minti shida muka taɓa Tuti, inda jirgin katako ke yin ashirin da biyar. Dawowa bakwai, don ruwa yana turo mu gefe. Famfo bai yi ko tari ba.

Da muka iso Baba Salih ya miƙe da ƙyar, ya taka matakala, ya juya wa mutanen mashigi baya ya tsaya. Kowa ya duba. Jallabiya fes, sai ɗan shuɗin fenti a gefe. Ya nuna turke na huɗu da sandarsa ya wuce masallaci. Labaran ya zare wayarsa daga caji, ya ce ta ƙaru da kashi biyar, ba laifi. Ya miƙa wa Muntari sabuwar igiyar nan ya ce ya ɗaure da ita, tasa ta tsufa, shi kuma in ya samu nasa turken zai zo ya karɓi abarsa. Kafin la'asar ruwa ya rufe matakala ta bakwai.

Muntari bai zauna ba ranar ma. Sahu tara ya yi zuwa Tuti kafin magariba, washegari da asuba yana ɗaukar raguna.

Tun daga nan masu jirgi biyar a mashigin suka gwada nasu a tudu, har da na ƙarfe, uku suka sami yoyon da ba su san da shi ba. In kana da jirgin faiba da ya daɗe a ajiye, kada ka bari kowa ya kai maka shi ya sha, ko da dattijo ne. Ka ɗora shi a kan tayoyi, ka shimfiɗa busasshiyar takarda a ƙasa, ka zuba ruwa taƙi ɗaya a ciki, ka kwanta a ƙarƙashi minti arba'in da agogo a hannu. Don Allah ka gwada kafin ruwan bana ya iso.